Yadda malamin aji zai ƙaro takardar koyar da yara masu buƙata ta musamman

Ina shekara ta shida da fara koyarwa a firamare aka ba ni aji uku, a cikin ajin akwai wata yarinya da kullum tana can bencin ƙarshe jikin bango, in ka yi mata tambaya sai ta zuba maka ido kawai, in ka daka tsawa sai ta saci kallon na kusa da ita ta yi abin da suke yi. Mu dai a ofis mun riga mun yanke mata hukunci, daƙiƙiya ce, shi ke nan. Sai ran nan iska ta bugo ƙofar aji da ƙarfi, yara duk suka zabura har da masu salati, ita ko gezau, tana ta kwafar rubutun allo abinta. Da na aika aka kira mahaifiyarta sai take ce min, ai Malam tun da ta yi sanƙarau tana 'yar shekara biyar kunnen ya tafi, mun ɗauka kun sani. Wallahi kunya ta kama ni, zango biyu cur ina yi wa yarinya ihu ashe ko ɗaya ba ya shiga. Kuma ko da na gane matsalar ban san me zan yi mata ba, don a NCE kwas guda ɗaya tak muka yi a kan ilimi na musamman, shi ma haddacewa muka yi muka juye a takardar jarabawa muka karkaɗe riga. Wannan yarinyar ce ta sa na koma makaranta, kuma tun da na dawo abokan aiki ke tare ni suna tambaya ta ina ake bi, shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya kowa ya huta.

Kafin ka sayi fom, kafin ma ka tambayi nawa ne kuɗin makaranta, zauna ka yanke shawarar waɗanne yara kake so ka koyar. Mutane suna jin an ce ilimi na musamman sai su ɗauka abu ɗaya ne, alhali fannoni ne daban daban kuma hannun da ya iya wannan ba lallai ya iya wancan ba. Akwai fannin masu lalurar gani, makafi da kuma masu gani dishi-dishi irin yara zabiya da yawa, akwai fannin kurame, akwai na masu jinkirin fahimta, akwai na yaran da ƙwaƙwalwarsu lafiya lau amma karatu ko lissafi ne kawai ke yi musu gardama, harafi yana juye musu, akwai masu lalurar galahanga, akwai masu lalurar gaɓoɓi kamar waɗanda shan inna ya taɓa, har ma da yara masu baiwar da ta wuce ta sa'o'insu, su ma a wannan sashen suke, don su aka yi makarantar gwamnatin tarayya da ke Suleja. A makaranta za a ɗan lasa maka kowanne a shekarar farko amma daga baya dole ka kama ɗaya. Shawarata, kada ka zaɓa daga kan gado. Nemi kwana biyu ko uku ka je makarantar irin waɗannan yara mafi kusa da kai ka roƙi hedimasta ya bar ka ka zauna a bayan aji. Na Kano ga Tudun Maliki nan, Kaduna da Sakkwato duk suna da makarantunsu na jiha, na wajen Filato ga makarantar makafi ta Gindiri wadda 'yan mishan suka buɗe tun 1953. Ka shiga ajin kurame ka ji yadda shirun yake, wanda a gaskiya ba shiru ba ne don akwai buga tebur da ƙafa da dariya, ka shiga ajin makafi ka ji ƙarar allura tana huda takarda ƙwas ƙwas ƙwas. Zuciyarka za ta gaya maka inda za ka iya zama shekara ashirin. Na san wanda ya shiga fannin masu jinkirin fahimta don an ce masa ba a koyon wani yare a can, ranar da ya ga sai ya yi wata guda yana koya wa yaro ɗaya yadda ake ɓalle maɓallin riga ya gane ba sauƙi ya zaɓa ba.

To sai maganar ƙofar da za ka shiga, wannan kuma takardar da ke hannunka yanzu ce ke nuna ta. In NCE kake da ita, hanya mafi miƙewa ita ce ka nemi digirin ilimi na musamman ta hanyar shiga kai tsaye ta JAMB, wato dairek entiri, su ɗauke ka a aji biyu ka yi shekara uku maimakon huɗu. Jami'ar Bayero a Kano tana da sashen ilimi na musamman, Jami'ar Jos tana da nata wanda ya daɗe kuma ya yi suna, haka Jami'ar Ibadan. A Oyo kuma akwai kwalejin ilimi ta tarayya guda wadda aikinta kenan kacokan tun 1977, malaman makarantun kurame da makafi da yawa a ƙasar nan can suka fito, in ka zauna da tsofaffin malamai za ka ji suna ta labarin zamansu a Oyo. Wanda bai da NCE kwata-kwata kuma yake so ya fara daga tushe, can ko wata kwalejin ilimi mai wannan sashen zai nufa ya yi shekara ukunsa, ana haɗa maka fannin na musamman da darasin koyarwa guda, misali lissafi ko Turanci. In kuma kana da digirin koyarwa tuni, ba sai ka koma ka sake wani digirin farko ba, nemi difloma ta gaba da digiri ko mastas a sashen, sai dai kowace jami'a da sharaɗinta a kan wanda digirinsa na farko ba na fannin ba ne, wata za ta ce sai ka bi ta difloma tukuna, don haka karanta tallar shekarar da kyau ko ma ka taka ka je sashen da ƙafarka ka tambayi sakatare, ya fi jin ta bakin 'yan guruf.

Nan akwai wani ruɗani da nake yawan ji. Mai digirin da ba na koyarwa ba, ka ce ya karanta kimiyyar siyasa ko tattalin arziki, sai ya je ya yi PGDE, wato diflomar koyarwa ta bayan digiri, a cibiyar malamai ta ƙasa da ke Kaduna ko wata jami'a, ya dawo yana cewa ai yanzu zai iya koyar da kowa. PGDE tana mayar da kai malami a idon doka, ta ba ka damar rajista, amma ba ta sa ka iya karanta layi ɗaya na rubutun makafi. Matakala ce, ka taka ta sannan ka nemi na musamman ɗin a kai. Haka su ma bitocin kwana uku da kwana biyar da ƙungiyoyi ke shiryawa a otal, a ba ka jaka da biro da satifiket mai kyalli, suna da amfani ba na musu, ni ma na halarta, amma kada ka kai wannan takardar hukuma ka ce a canja maka matsayi, dariya za a yi maka. Abin da ake lissafawa shi ne takardar makarantar da hukumar jami'o'i ko hukumar kwalejojin ilimi ta amince da kwas ɗinta. Ka tabbatar da wannan kafin ka biya ko sisi, musamman waɗannan cibiyoyin karatu na ƙarshen mako da ke buɗewa a cikin gari suna cewa suna da alaƙa da wata jami'a mai nisa.

Cikakken karatu ko na dogon hutu? Ya danganta da aljihunka da iyalinka. Na dogon hutu, wanda ake ce wa sanwic, yana barin ka a bakin aikinka, albashi na shiga, sai an yi hutu ka tattara ka tafi a dura muku karatun zango guda cikin 'yan makonni, kuma yakan ɗauki shekaru fiye da na kullum. Ga mai mata da 'ya'ya, ko malamar da ba za ta iya barin gida wata huɗu a jere ba, rahama ne. Amma ni a ganina in da hali a yi na kullum, dalili kuwa maganar hannu da rubutun makafi ba a dura su, sai da maimaici kullum kullum da cuɗanya da masu abin, kuma a karatun kullum ne za ka zauna aji ɗaya da ɗalibai kurame da makafi waɗanda su ne malamanka na gaskiya. Sannan ka sani wanda ya yi na hutu ko na wucin gadi ba a tura shi bautar ƙasa, takardar cirewa ake ba shi, wanda kuma ya haura shekara 30 kafin ya gama shi ma takardar yafewa zai karɓa, yawancinmu dama mun wuce wurin, amma dai ka karɓi takardar ka ajiye don watarana za a tambaye ka ita.

Yanzu ga inda mutane suka fi faɗawa rami, izinin tafiya karatu. Kada ka kuskura, na sake faɗa, kada ka kuskura ka tafi da izinin baki. Hedimasta ya ce maka je ka Malam Allah ya ba da sa'a za mu riƙe maka ajin, wannan addu'a ce ba takarda ba. Rubuta takardar neman hutun karatu, ta bi ta hannun hedimasta ya sa hannu da hatimi, ta je wurin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, daga nan ta wuce hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha in kai na firamare ne ko ƙaramar sakandare, in na babbar sakandare ne kuma ta bi ta ofishin shiyya zuwa hukumarku. Akwai hutu da albashi akwai wanda babu albashi, mai albashin yakan zo da sharaɗin sai an tabbatar da kai a aiki ka kuma yi wasu shekaru, sannan ka sa hannu cewa in ka gama za ka dawo ka yi musu aiki na wani lokaci. Duk teburin da takardarka ta sauka ka sa a buga maka hatimin an karɓa a kan kwafinka, da kwanan wata. Ni nawa fayil ɗin sai da ya ɓata sau biyu a wani ofis da ba zan kira suna ba, na yi ta sintiri har masinja ya san ƙarar babur ɗina, abin da ya cece ni kawai wannan kwafin mai hatimi da na adana a cikin leda a ƙarƙashin katifa. Wani abokina da ya tafi ba takarda, ana yin tantance ma'aikata aka zo ba a same shi a aji ba, aka tsayar da albashinsa, kuma da ya gama ya kawo digirin aka ce ba da saninmu ka yi ba. A cikin takardar taka ka ambaci dalili ƙarara, ka ce a makarantarmu akwai yara kaza masu lalurar ji ko gani kuma babu malami ko ɗaya da aka horar. Kana ma iya jingina da doka, don dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta ce makarantun gwamnati su zama na kowa da kowa kuma kowace ta samu aƙalla ma'aikaci ɗaya da aka horar don kula da karatun waɗannan yara. Ko ana bin dokar ko ba a bi wannan wata magana ce, amma jami'in da zai sa hannu yana son ya ga abin da zai kafa hujja da shi.

Takardun neman gurbi kuwa ba wani abin mamaki, sai dai a fara da wuri. Sakamakon sakandare mai kiredit biyar har da Turanci, da lissafi in kwas ɗin ya buƙata, in akwai wanda ya maƙale maka tun shekarun baya to ka cire girman kai ka zauna jarabawar 'yan waje ta WAEC ko NECO ka cike shi, mun zauna da 'ya'yan cikinmu ba mu mutu ba. Lambar NIN dole ce yanzu a rajistar JAMB, kuma ka duba sunanka da ranar haihuwarka su zama iri ɗaya a ko'ina, don Muhammad a nan Mohammed a can ya isa ya cinye maka wata guda. Abin da ya fi cin rai shi ne tiranskirif, wato cikakken sakamakon kwasa-kwasanka, daga tsohuwar kwalejinka, nemi shi tun kafin a fara sayar da fom, ka kuma bi sawunsa har ka tabbatar ya isa jami'ar. In gurbi ya fito ka shiga shafin JAMB ka karɓa da kanka ka buga takardar, kada ka bar wa yaron kafe lambobin sirrinka.

Tsakanin sayen fom da fara lakca akwai watanni da yawa da mutum ke zaman jira, to a nan ne nake cewa ka fara karatun da kanka, don wanda ya shiga aji hannunsa ya riga ya ɗan faɗa ya fi sauran nisa ba kaɗan ba. In fannin makafi ka zaɓa, sayi allon rubutu da allurarsa, ba su kai kuɗin buhun shinkafa ba. Rubutun makafi, wato burel, gaba ɗayansa ɗigo shida ne a cikin gida ɗaya, uku a hagu uku a dama, daga cikinsu ake fitar da siffa 63, wani Bafaranshe Louis Braille da aka haifa a 1809 ya kuma makance tun yana ƙaramin yaro shi ya tsara shi. Harafin a ɗigo na ɗaya ne kawai, b na ɗaya da na biyu, c na ɗaya da na huɗu, in ka haddace goman farko daga a zuwa j to ka ci rabin yaƙin, don goma na biye su ne dai aka ƙara musu ɗigo na uku, kuma su goman farkon ne ke zama lambobi in aka sa alamar lamba a gabansu. Abin da zai fara juya maka kai shi ne a kan allo daga dama ake rubutawa zuwa hagu kuma a juye, saboda huda takardar kake yi ta baya, sai ka cire ka kifa ta sannan a karanta daga hagu. Mu da muka yi makarantar allo rubutu daga dama bai dame mu ba, juyin harafin ne bala'i, na yi sati biyu ina rubuta e tana fitowa i. Takardar burel ta gaske tana da tsada, ni da tsofaffin kalanda masu kauri da bangon littafi na koya. Kai mai ido da ido za ka riƙa karantawa ba da yatsa ba, ba laifi ba ne, haka malamai masu gani ke yi. Daga baya a makaranta za ka haɗu da keken rubutu na Perkins mai maɓalli shida da na tazara a tsakiya, da matakin burel na biyu mai gajarce kalmomi, da abakus na lissafi, da manhajar da ke karanta wa makaho abin da ke kan kwamfuta irin su JAWS da NVDA, ta biyun kyauta ce kana iya saukewa yau ka rufe ido ka gwada. Akwai burel na Larabci ma, har Alƙur'ani ana bugawa da shi, kuma abin mamaki shi daga hagu ake karanta shi, malamin Islamiyya da ya iya wannan ba ƙaramin alheri zai yi ba. Za kuma a koya maka yadda ake tafiya da farar sanda da yadda ake yi wa makaho jagora, ba jan sanda a gaba kamar yadda muka saba gani a titi ba, shi ne zai riƙe hannunka sama da gwiwar hannu kana gabansa da rabin taku. Ranar da aka ɗaure mana ido aka ce mu je masallaci mu dawo, nan na san tsakuwa ma tana da magana.

In kuma kurame ne, to ka san yare biyu ne a gabanka. Wanda ake koyarwa a makarantu ya samo asali ne daga maganar hannu ta Amurka, wani kurma baƙar fata ɗan Amurka Andrew Foster ne ya kawo ta, ya fara buɗe makaranta a Ghana a 1957 sannan ya zo Ibadan a 1960, daga nan ta bazu ta kuma sha ruwan Najeriya. Amma kuramen ƙasar Hausa suna da tasu maganar hannun tun kafin wannan, wadda ake yi a kasuwa da majalisa da gida, kuma yaron da za a kawo maka daga ƙauye da ita ko da alamun gidansu zai zo, ba da ta littafi ba. Malamin da ya raina ta ya ce ai wannan ta 'yan tasha ce ya rufe wa kansa ƙofa, da ita za ka fara kama yaron kafin ka kai shi ga ta makaranta. Hanyar koyo kuwa guda ce, nemi inda kuramen garinku ke zama, kusan kowane gari suna da majalisa da ƙungiya, ka je ka yi sallama da hannu ka zauna. Za su yi maka dariya, za su gyara maka yatsu, kuma cikin sati za su raɗa maka suna na hannu daga wani abu da ke jikinka, ni nawa alamar gilashi ce da ɗan yatsa a kan hanci saboda yadda nake tura tabarau. Bidiyon YouTube zai taimaka wajen haruffa amma ba zai koya maka fuska ba, kuma rabin nahawun yaren a fuska yake, ɗaga gira tambaya ce, in ka yi alama da busasshiyar fuska kamar mai karanta sanarwar rasuwa ba wanda zai gane ka.

A cikin karatun akwai kwasa-kwasan da za ka ga kamar ɓata lokaci ne, tarihin fannin, ilimin halayyar yara, gwaje-gwaje, ƙididdiga. Yi haƙuri da su, amma guda biyu ka riƙe su da hannu bibbiyu, na tantance yaro da na rubuta wa kowane yaro tsarin karatunsa shi kaɗai, inda za ka rubuta abin da ya iya yau, abin da kake so ya iya nan da ƙarshen zango, da yadda za ka auna. Wannan ne aikin da za ka yi ta yi har ka yi ritaya. Lokacin koyarwar gwaji kuma, ti-pi, kada ka yi wayon neman a tura ka makarantarku ta da don ka huta, nemi makarantar da ke da yaran fanninka ko da za ka kwana a aji. Haka furojet, zaɓi abin da ka gani da idonka a ƙaramar hukumarku, ya fi ka kwafo na wani daga intanet a kama ka.

In Allah ya sa ka gama, kada ka jira satifiket na asali, da takardar sakamako ta wucin gadi za ka rubuta takardar dawowa aiki, ka haɗa da kwafin izinin nan da na ce ka adana, ka nemi a daidaita maka matsayi. A tsarin da aka saba mai NCE a matakin albashi na 7 yake farawa mai digiri a na 8, in ka riga ka wuce nan to ribar digirin a gaba take, wajen inda ƙarin girmanka zai iya kaiwa. Sai ka leƙa ofishin TRCN na jiharku, hukumar rajistar malamai da aka kafa a 1993, su suna kasa malamai gida huɗu ne, D masu NCE, C masu digiri, B masu mastas, A masu digirin digirgir, ka sa a sabunta maka rukuni. Wanda bai taɓa rajista ba sai ya zauna jarabawarsu ta kwamfuta tukuna. Batun kuɗi kuwa kada in yaudare ka, wasu jihohin suna ba malaman makarantun musamman ɗan alawus wasu ba sa bayarwa, wanda ya shigo don ya yi arziki ya yi ɓatan kai. Abin da na gani dai shi ne wanda hannunsa ya faɗa ba ya rasa abin yi, ana neman masu fassarar maganar hannu a taruka da asibiti da kotu da gidan talabijin, ana neman masu mayar da takardun jarabawa zuwa burel, ƙungiyoyi ma suna nema.

Kuma ka shirya wa yiwuwar a mayar da kai makarantarka ta da, aji mai yara tamanin, ba keken Perkins ba komai, ni haka aka yi min. Satin farko abin da na yi shi ne na bi aji aji da hedimasta, na sa kowane yaro ya rufe ido ɗaya ya karanta allo daga baya, na tsaya a bayansu ina kiran suna a hankali ina kallon wanda bai juyo ba, muka fitar da yara goma sha ɗaya da muka rubuta wa iyayensu takarda su kai su asibiti a duba, uku daga ciki tabarau kawai suke buƙata. Sauran muka dawo da su bencin gaba, na roƙi malamai abu biyu, kada su yi magana suna fuskantar allo, kada kuma su tsaya taga tana bayansu don yaron da ke karanta leɓe duhu kawai yake gani. Ita kuwa yarinyar nan tun ina shekarar farko a jami'a muka samu mahaifinta ya yarda aka kai ta makarantar kurame ta jiha, da na je ti-pi can na same ta a aji shida, ita ce ma ta gyara min alamar Laraba don ashe duk watannin nan Litinin nake yi.